Ba iska ce ke cin na'ura ba

Ka ce me ya sa ba ma kafa tashar awon yanayi a bakin teku sosai, tunda can iska ta fi tsabta, babu gini babu bishiya. Kai yaro, da wannan maganar wani ɗan kwangila ya cuce ni a 2008, lokacin guguwar teku mai suna Ike a Amurka.

Aikin kamfanonin inshora yake yi. Su abin da ya dame su shi ne a tantance ko iska ce ta rushe gida ko ruwa, don kuɗin da za su biya ya bambanta. Ya ɗauke ni in kafa masa tasha a gabashin garin Galbeston na jihar Texas, wajen gaɓar Bolibar. Gefen daidai ne, domin a arewacin duniya hannun daman hanyar guguwa ne iska ke turo teku kan ƙasa. Amma wurin fadama ce shimfiɗe. Na ce mu ja ciki mu nemi tudu, ya ce ai guguwar mataki na 2 ce kawai cikin matakan ƙarfi biyar, ko tsoro nake ji? Ni da na fara hawa turken ɗaura na'ura tun yana goye! Na ce ya sa hannu a takarda, ya ce maganarsa ta isa.

Kafin asubahin 13 ga Satumba guguwar ta sauka. Teku ya yi toroƙo sama da mita 4. Turken bai faɗi ba, ni na ɗaure shi. Amma da na buɗe akwatin, laka ce cike, gishiri ya cinye kan batir har ya yi kore, katin ajiya ya mutu daidai lokacin da matsin iska ke gangarowa. Mutumin ya ce ba bayanai, ba biya. Na'urar tawa ce, da bashi na saye ta. Har yau in na ji sunansa abinci ba ya shigar mini.

Ku 'yan yanzu sai ku buɗe taswira a waya, ku ga fili, ku ce an samu wuri. Taswirar ta gaya maka tsayin wurin daga teku? Ma'aunin iska a tsayin mita 10 daga ƙasa, nesa da gini, wannan ko ɗan koyon jiya ya sani, kada ka sa in maimaita. Je ka ɗauko mini akwatin can, in ga yadda ka toshe ramin da wayar lantarki ke shiga.