Me ya sa kakata ba ta kamu da kuturta ba?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Gusau. Kakana ya yi fama da kuturta har ta cinye masa yatsu, amma kakata ta yi shekara 40 a ɗaki ɗaya da shi, ko tabo bai fito mata ba. A gidanmu wasu na cewa ciwon gado ne. Mene ne gaskiya? Kuma akwai masu binciken wannan abu? Ina sha'awar karanta kimiyya.

Amsa: 'Yata, Allah ya jiƙan kakanki. Kuturta ba gado ba ce, ba kuma cin kifi da nono ke kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce da wani likita ɗan ƙasar Nowe, Armauer Hansen, ya gano a 1873. Tana yaɗuwa ta ɗigon hanci da baki na wanda bai fara shan magani ba, sai kuma an daɗe ana zama tare. Kusan mutum 95 cikin 100, ko ta shige su, garkuwar jikinsu tana gamawa da ita ba su ma sani ba. Ina kyautata zaton kakarki tana cikinsu.

Wannan tambaya taki ita wata likita 'yar Indiya, Indira Nath, ta kwashe fiye da shekara 40 tana bi. An haife ta a 1938, ta yi karatun likita a babbar cibiyar koyar da likitanci ta AIIMS da ke Delhi. A 1970 ta tafi Landan ta koyi ilimin garkuwar jiki wurin masana biyu, John Turk da R.J.W. Rees. Da ta gama sai ta koma gida, inda a lokacin masu kuturta suka kai kusan miliyan 4. Ina ganin girmanta a kan wannan komawar, domin cutar da ta zaɓa ba ta kawo kuɗi, masu ita kuma jama'a gudunsu suke yi.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ƙwaya ɗaya ce amma ciwon kamar iri biyu. Wani majinyacin tabo ɗaya ko biyu ne a jikinsa, in aka duba fatarsa da kyar a ga ƙwayar, saboda fararen ƙwayoyin jininsa da ake kira ƙwayoyin T sun yi mata zobe. Wani kuwa fuskarsa da kunnuwansa sun yi kauri, gira ta zube, ƙwayoyin cutar cunkus a fatarsa, ƙwayoyin T ɗinsa ko motsi ba sa yi. Ka kawo musu ƙwayar tarin fuka, nan take za su tashi. Ta kuturta kaɗai suke yi wa shiru.

Shin sojojin nan, wato ƙwayoyin T, babu su ne, ko kuwa an ɗaure su ne? Aikin ɗakin bincikenta a shekarun 1980 ya nuna suna nan. Ita da ɗalibanta sun gano cewa wasu ƙwayoyin jini na majinyacin, waɗanda aikinsu haɗiye ƙwayar cuta ne, suna fitar da sinadaran da ke danne ƙwayoyin T. A 1985 kuma suka ba da rahoton cewa in majinyacin ya shiga irin rikicewar nan ta zazzaɓi da kumburi masu zafi a fata, ƙwayoyin da suka yi shiru sukan farka. Daga baya, bayan 2010, ta nuna cewa wani rukuni na ƙwayoyin T ɗin kansu, masu aikin taka birki, sun fi yawa a jikin masu nau'i na biyu, mai tsanani.

Duk wannan an yi shi ne da wahala, domin har yau ba a iya rainon ƙwayar kuturta a kwalba kamar sauran ƙwayoyi. Takan ɗauki kusan mako biyu kafin ta rabu biyu. Sai dai a raine ta a tafin ƙafar ɓera, ko a jikin wata dabba ta nahiyar Amurka mai suna amadilo.

Nan ne binciken ya taɓa aikina na yau da kullum. Farkawar garkuwar ba kullum take zama alheri ba. Ƙwayar tana ɓuya a cikin jijiyoyin da ke kai saƙon ji, to in yaƙi ya ɓarke a can, jijiyar ce ke kumbura ta mutu. Na taɓa duba wata baiwar Allah da ta sauke tukunyar tuwo da hannu, ba ta san ta ƙone ba sai da 'yarta ta ga bororo a tafinta. Haka yatsun kakanki suka tafi. Ba guntulewa suke yi haka kawai ba: ƙuna ce da sartse da gyambon da ba a jin zafinsa, shekara da shekaru. Shi ya sa in mai shan magani ya zo mini da sabon kumburi ko zafin jijiya a gwiwar hannu, ba na cewa ya dawo gobe. A ranar ake fara masa maganin kwantar da garkuwa, ya kuma ci gaba da shan na kuturtar.

Indira Nath ta kafa sashen fasahar halittu a AIIMS a 1986, gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Shri a 1999, ta samu kyautar L'Oréal da UNESCO ta mata masana kimiyya a 2002. Ta rasu a watan Oktoban 2021. Har yanzu ana samun sabbin masu cutar kusan 200,000 a duniya kowace shekara, fiye da rabi a ƙasarta, Nijeriya ma tana cikin ƙasashen da ke samun sama da 1,000. In kin dage da karatun, aiki na jiranki, muna kuma da cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da Zariya.

Kafin nan, ga aikin da zan ba ki. Cutar takan yi shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ta bayyana. Ki duba waɗanda suka zauna da kakanki. In kin ga tabo mai haske da ya yi kama da ƙyasfi amma ba ya ƙaiƙayi, ki ce mutumin ya rufe ido, ki shafa masa auduga a wurin. In bai ji ba, ku je asibiti. Maganin kyauta ne, wata 6 ko wata 12, kuma da zarar an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Ki gaishe mini da kakarki.