Amsa: Furotin ɗin da ke sa ƙwayar halitta ta zama tsoka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne furotin guda ɗaya kan iya sa ƙwayar halitta ta zama tsoka. Ƙwarai kuwa, sunansa MyoD.

A shekarar 1987 ne Harold Weintraub da abokan aikinsa, Robert Davis da Andrew Lassar, suka gano shi a Amurka. Sun ɗauki wasu ƙwayoyin ɓera da babu ruwansu da tsoka, suka cusa musu ƙwayar gadon (wato umarnin halitta da ake gada daga iyaye) da ke ƙera shi, ita kaɗai tak. Sai ga su sun rikiɗe sun koma na tsoka. Ni dai har gobe wannan gwaji na ba ni mamaki, domin ya nuna ko ƙwaya ta riga ta kama sana'arta, ana iya sauya mata wata.

Shi MyoD yakan shiga cibiyar ƙwaya ne, ya manne wa wani ɗan wuri mai harufa 6 a jikin DNA, wato zaren da aka rubuta bayanan gado a kansa da haruffan sinadari, ya kunna ɗimbin ƙwayoyin gadon da ke gina tsokar da ke motsa ƙashi.

Amma fa ba shi kaɗai ba ne. Su huɗu ne 'yan gida ɗaya: shi da Myf5 da myogenin da MRF4. Ɓeran da aka cire wa MyoD kaɗai yakan yi tsoka, don Myf5 na maye gurbinsa. Ko a jikin babban mutum, in tsoka ta ji rauni, ƙwayoyin ajiya da ke kwance a gefenta kan farka su kunna MyoD kafin gyara ya kankama.