Zomanyata ita kaɗai ce a keji, in sayo mata namiji?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina da tambaya. Wata biyu da suka wuce na sayo wa 'yata zomanya a kasuwa, yanzu zata kai wata huɗu. Tana cin abinci lafiya lau, amma da yarinyar ta tafi makaranta sai ta koma lungun keji ta lafe shiru, wani lokacin tayi ta gwaguyar wayar kejin. Maƙwabciyata tace kaɗaici ne, in sayo mata namiji. Ni kuma ba kiwo nake so ba, na sha'awa ne kawai. Ya zanyi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, naji daɗin tambayar nan sosai don ba kowa ne zai tsaya ya lura da cewa dabbarsa ta shiga damuwa ba. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya a rabin maganar, zomo yana son ɗan'uwa. Duk zomayen gidan nan da muke gani asalinsu daga zomon daji na yankin Sifaniya da Fotugal ne, su kuma can a ramuka suke zama gungu-gungu, wannan na kiwo wancan na gadi, su kwanta jiki da jiki suna lasar juna. Toh kinga 'yarki duk yadda take sonta ba zata iya mata wannan ba, balle ma lokacin da zomo yafi karsashi shi ne da asuba da kuma magariba, lokacin da kowa a gida yake ta kansa.

Amma dan Allah kar ki je kasuwa gobe ki ɗauko namiji ki jefa mata a keji. Wata huɗu zuwa shida shi ne lokacin balagar yawancin zomaye, ƙananan iri ma kan riga haka. Cikinsu kwana 31 ne ko kusa da haka, haihuwa ɗaya ta kan bada huɗu zuwa goma, kuma zomanya tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu, saboda barbarar ce da kanta take sa ta saki ƙwai, ba sai ta jira wani lokaci ba. Ke da kika ce ba kiwo kike so ba, kafin shekara ta zagayo kin rasa inda zaki sa ƙafa a tsakar gida, ita kuma ta rame ta lalace.

Abu na farko ma tukuna, ki tabbatar macen ce. Ƙananan zomaye wuyar bambancewa gare su, masu sayarwa da yawa hasashe kawai suke yi. An taɓa kawo min wasu guda biyu da aka sayar wa wata baiwar Allah a kan mata ne dukansu, ashe duka maza ne, suna ƙanana ba ruwansu tare suke kwana, da suka balaga dare ɗaya ɗayan ya yaga wa ɗan'uwansa kunne ya kuma cije shi a maraina sai da muka yi ɗinki. Ranar naji tausayin zomon nan wallahi, jikinsa sai rawa yake a kan tebur. Maza biyu da ba a fiɗiye ba kusan kullum haka suke ƙarewa. Mata biyu ana samu su zauna lafiya musamman in 'yan ciki ɗaya ne da suka tashi tare, amma suma balaga kan raba su.

Haɗin da yafi zama lafiya shi ne namijin da aka fiɗiye da macen da aka cire wa mahaifa. Nasan wani zai ce aiki a kan zomo kuma? Eh, kuma ita macen ba don haihuwa kaɗai ake yi mata ba, sankarar mahaifa tana yawan kama zomanyar da ta haura shekara uku zuwa huɗu, alhali zomon da ya samu kulawa yana kai shekara 8 zuwa 12. Ke da kike Zariya ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da ke, ki je ki tambaya ko suna yi wa zomo. Kar a yarda da dandaƙa irin wadda ake yi wa bunsuru, kuma kar a hana ta abinci kafin aikin, zomo baya amai kuma hanjinsa baya son zama babu komai. In aikin macen bai samu ba, ko namijin kaɗai a fiɗiye, sai dai ki sani zata iya riƙa faɗa da cikin ƙarya, kiga tana tsige gashin ƙirjinta tana haɗa sheƙa ba komai a cikin.

Ga inda mutane suka fi yin kuskure: namiji bayan fiɗiya yana iya yi wa mace ciki har wajen sati shida. Don haka a jira. Wannan jiran ma ya zo daidai, don sabon zomo dama ana ware shi nesa aƙalla sati biyu a ga ko yana majina, zawo, ko ɓawon nan mai kauri a cikin kunne. Akwai kuma wata cutar zubar jini ta zomaye da aka fara gani a China a 1984, tana kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi yasa ban son sayen zomo daga kejin da aka cunkusa su a kasuwa, gara wajen mai kiwon da zaki ga inda suke kwana. Ɓeran Masar kuma kar ki ce zai maye gurbi, ba yarensu ɗaya ba, abincinsu ba ɗaya ba, kuma shuri ɗaya na zomo zai iya karya shi.

Ranar haɗawa kuwa kar ki sa sabon zomon a kejinta, wurinta ne zata kare shi da haƙori. Ki fara jera kejinsu kusa da juna da ɗan tazara yadda baki ba zai kai ba, su yi kamar sati suna gani suna shinshinar juna, kina musanya musu shimfiɗa. Sai ki nemi wurin da babu wanda ya sani a cikinsu, ko banɗaki busasshe ko wani lungu na zaure, ki zuba harawa a tsakiya ki sake su minti goma zuwa sha biyar kina tsaye, da faifai ko tsintsiya a hannunki don rabawa, kar ki sa hannu tsirara. Da sassafe ko yamma zaki yi, musamman lokacin bazara, don zafin da ya wuce digiri 30 kaɗai yana iya kayar da zomo balle an haɗa da guje-guje. Hawan juna da ɗan bin juna ba komai bane, ana tantance waye babba ne, ko macen ma zata hau namijin. Amma in kika ga sun miƙe jela sun kwantar da kunne suna zagaya juna da sauri kamar guguwa, raba su nan take, gobe a sake. Kullum ki ƙara lokaci kaɗan. Wasu kwana uku sun shirya, wasu sai an kai wata biyu.

Alamar da nake jira ita ce ɗaya ya zo ya tura kansa ƙasan haɓar ɗayan ya yi shiru, shi kuma ya fara lasar masa goshi da bayan kunne. In kin ga haka sau da yawa, suna kwanciya a miƙe gefe da gefe, toh sai ki wanke keji tas ki haɗa su, amma ya zama mai faɗi da maɓoya biyu da kwanon ruwa biyu. Daga nan kuma kar a sake raba su, ko asibiti za a kai ɗaya a tafi da su tare.

Kafin duk wannan ya kammala, gwaguyar wayar nan tana gaya miki keji ya yi mata kaɗan ne kuma ba abin yi. Ki riƙa sakinta a tsakar gida safe da yamma in ba kyanwa ko kare, ki bata kwali ta shiga ta yayyaga, ciyawa busasshiya da harawa kar su yanke, dusa kaɗan kawai. In kuma wata rana ta lafe taƙi cin komai har awa 12 ko kika daina ganin kashinta, wannan ba kaɗaici bane Hajiya, ciwo ne, ki ɗauke ta zuwa wajen likita a ranar.