Hukuncin Aikin Sharhi a Gasar Wasannin Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata tasha ta intanet ta nemi in riƙa yi mata sharhi kai tsaye a gasar wasannin kwamfuta, ina nishaɗantar da masu kallo, ana biya na albashi. Lokacin hutu kuma zan riƙa ambaton kamfanin da ya ɗauki nauyin shirin, wanda ake zuba kuɗi a wurinsa kan hasashen wanda zai ci. Albashin ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, hukuncin duka ya rataya ne a kan kamfanin nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Abin da yake yi caca ce, haramcinta kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Mai sharhi ba ɗan kallo ba ne, domin shi ke ɗaga murya idan wasa ya yi zafi, shi ke sa yaro ya ji kamar ya san wanda zai ci, kuma a daidai wannan lokacin ake so ka kira sunan kamfanin. Muddin sharaɗin yana cikin yarjejeniyar, aikin bai halatta gare ka ba. Ka nemi a cire shi a rubuce. In sun ƙi, ka haƙura da su.

In an cire shi, albashinka ladan ijara ne a kan aiki sananne, babu laifi.

Akwai masu haramta wasannin baki ɗaya ta hanyar ƙiyasta su da nardu (wani wasan allo da ake jefa ƙwaya mai lambobi), wanda hadisin Muslim ya kamanta mai yin sa da wanda ya tsoma hannu a naman alade da jininsa. Wannan ƙiyasi bai miƙe ba. Nardu ya dogara ne a kan abin da ƙwayar da aka jefa ta nuna, alhali 'yan wasan Dota 2 ko League of Legends sukan shafe shekaru suna atisaye a ƙarƙashin mai horarwa, nasara kuma ta fi dogara da ƙwarewa da haɗin kan 'yan ƙungiya. Waɗannan wasanni sun fi kusa da shaɗaranji (wato chess), shi kuwa malamai sun saɓa a kansa: Imamu Malik ya tsananta, Imamu Shafi'i ya tsaya a karhanci. In masu haramtawar suka koma ga hadisin da ya taƙaita kyautar gasa ga kibiya da raƙumi da doki, ai maganarsa a kan kyautar mai nasara ce, kai kuwa ba gasa kake yi ba. Ko a kan kyautar ma, Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Doha a 2003, ta halatta gasa mai kyauta da sharuɗɗa, cikinsu har da kada kyautar ta fito daga aljihun dukkan masu fafatawa. Wasan da ke ɗauke da tsiraici ko izgili ga addini kuwa ba a cikin maganarmu yake ba.

Harshenka na fi jiye wa tsoro. Annabi (SAW) ya yi wa mai ƙarya don ya ba mutane dariya alƙawarin azaba, kuma mafi sauƙin hanyar ba da dariya a aikinka ita ce muzanta ɗan wasan da ya yi kuskure, ko laƙaba masa sunan da zai bi shi har gida. Da yawansu yara ne. Wanda ya ci dala miliyan 3 a gasar Fortnite ta 2019 shekarunsa 16 a lokacin. Gasa kuma takan ɗauki sa'o'i, saboda haka tun kafin ka sa hannu ka tambaya wa zai riƙe maka makirfo idan lokacin salla ya yi. Wallahu a'alam.