Tambaya da Amsa: Ina Biyan Kuɗin Talla, Ana Tsallake Ta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra. Ina biyan kuɗin talla a Facebook amma ciniki shiru, kuma ni kaina da na ga talla nake wucewa. Ƙawata ta ce in biya wata 'yar TikTok ta nuna kayana kamar da kuɗinta ta saya. Me kuke gani? Daga wata mai karatu, Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike yi wa tallar wasu shi ake yi wa taki. YouTube na ba da daƙiƙa 5 kafin a tsallake, amma yatsa na nan a wurin tun maɓallin bai fito ba. Wasu ma tallar ba ta isa wayarsu: tun 2016 manhajar shiga intanet ta Opera Mini ta zo da abin toshe talla a cikinta, kuma mai lallaɓa datar naira ɗari biyu ba zai ƙi shi ba.

Shi ya sa 'yan kasuwa suka koma cusa kayansu cikin abin da mutum ya zo kallo da kansa. A sana'arki hakan ya fi dacewa, domin ba a jin ƙamshi ta waya. Shaidar wadda ta turara ɗakinta da shi ake saya.

Inda ban yarda da ƙawarki ba shi ne ɓoye cewa an biya. Wannan ha'inci ne, kuma ranar da mata suka gano, da ke da ita za a daina yarda. A 2022 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto ba ta faɗi an ba ta dala 250,000 ba. Instagram na da alamar da ke nuna tallar biya ce tun 2017. A nan gida kuma, hukumar ARCON mai kula da harkar talla a Najeriya na buƙatar a tantance talla kafin a sake ta, har ta kafafen sada zumunta.

Kada yawan mabiya ya ruɗe ki, ana sayen su. Nemi mai ƙunshi ko mai gyaran amare a nan Gusau, wadda matan gari ke yi wa sharhi suna tambayar farashi. Ba ta kasko da kwalba ta yi amfani da su tukuna, sannan ta faɗa da bakinta cewa talla ce. Duk wadda ta kira ki, tambaye ta a ina ta ji labarinki, ki rubuta. Bayan wata guda ki duba ko kuɗin ya dawo.