Amsa: su wane ne X, Y da Z a tambayar boron

Ƙanena na Gusau, wagga tambaya ba ta da wuya in ka bi ta daki-daki. Ka ce an zuba asid HCl cikin ruwan boraks mai zafi X ta fito, an gasa X sosai ta koma Y, sannan aka ƙona Y da magniziyam aka samu garin Z ruwan ƙasa.

X dai H3BO3 ce, wato asid ɗin borik. Ba ta narkewa da kyau a ruwan sanyi, shi ya sa da ruwan ya huce za ka ga farin ƙyalli na kwantawa gindin kwalba. In ka sa mata etanol da ɗigon asid H2SO4 ka kunna, gefen harshen wutar kore shar zai yi.

A kan Y yara suka fi zubewa wallahi, sai su rubuta HBO2, wato asid ɗin metaborik, alhali ita da ɗan zafi kaɗan take fitowa, tunda an ce gashi sosai to ruwan duk ya fita, Y kenan B2O3 ce, wato boron oksaid, mai kama da gilashi.

Z shi ne boron ɗin: B2O3 + 3Mg → 2B + 3MgO. Ana wanke MgO, wato magniziyam oksaid, da HCl mai ruwa-ruwa, boron bai narkewa ciki. Hanyar Henri Moissan ce, wani masanin kimiyya na Faransa, ta 1892, amma don Allah kada ka rubuta tsantsa ne, da sauran magniziyam a jikinsa.