Baƙin da ke ganyen ceɗiyar nan ba shi ne ciwon ba

Salam yarona, na ga saƙonka tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Ka ce ƙaramar ceɗiyar nan ta bonsai, wato itacen da ake raino a kasko ana datse shi don ya zauna ƙarami, ganyenta ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, in ka taɓa yana danƙo, ka fesa mata maganin fangas har sau biyu shiru, kuma itaciyar kariyar da ke gefenta gindinta ya fara laushi, kana tambaya ko ciwo ɗaya ne ya kama su duka.

Toh ba ɗaya ba ne, kuma don Allah ka ajiye famfon feshin nan tukuna. Jeka ka juya ganyen ceɗiyar ka duba bayansa, ka bi jijiyar tsakiya da ido, ka leƙa hammatar reshe da ƙarƙashin wayar da muka naɗa mata, nan suka fi ɓuya. Za ka ga ɗayan biyu, ko wani farin abu kamar an yaga auduga an manna, ko wasu ƴan ƙuraje ruwan ƙasa da ba sa motsi, in ka sa farce sai su ɓamɓare. Ƙwari ne masu tsotsar ruwan itace, suna sha suna fitar da wani ruwa mai zaƙi irin darɓar da kake gani a ganyen dawa, shi ne danƙon da ka ji, a kansa funfunar nan baƙa take tsirowa. Ita funfunar ba ta shiga cikin ganyen ba, a sama kawai take kwance tana tare masa rana, shi ya sa maganinka bai yi komai ba. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin itacen ka bi sawunta, zaƙin take zuwa sha kuma har gadin ƙwarin take yi, ita za ta kai ka inda suke.

Ka fara ware ceɗiyar gefe nesa da sauran. Samo sifirit da auduga ka bi ƙwarin ɗaya bayan ɗaya kana gogewa, itacen ƙarami ne ai, aikin rabin awa ne, tsohon burushin haƙori ma yana yi a jikin reshe. Sai ka haɗa man darbejiya ƙaramin cokalin shayi 1 a ruwa lita 1 da ɗigon sabulun ruwa kaɗan don su haɗu, ba garin sabulun wanki ba fa, yana ƙona ganye. Da yamma za ka fesa in rana ta yi sanyi, ka jiƙa bayan ganyen sosai, ka maimaita duk bayan kwana 7 har sau 3 saboda ƙwai da ƙananan da za su fito daga baya. Baƙin kuwa tsumma mai laushi da ruwa ya ishe shi. Fiya-fiya kar ka kusanto da ita wajen nan ko da wasa.

Kariyar ce ta fi damuna wallahi. Wannan ruɓar saiwa ce, kuma ruwa ne ya jawo. Ita itaciyar busasshen wuri ce, ruwanta tana ajiye shi a gindi, kai kuma ka bar ta a waje cikin malkar Agusta a kasko mai ƙasa mai laka, saiwa ta rasa iska, cutar ta samu ƙofa. Na taɓa rasa wata tsamiya da na shekara 9 ina lanƙwasa ta a haka, ganye na rawaya ni kuma ina ta ƙara mata ruwa ina zaton ƙishi ne, ranar da na zare ta warin da ya bugi hancina har yau ban manta ba. Yau ɗin nan ka cire ta daga kaskon, ka wanke saiwar. Mai lafiya fara ce da ƙarfi, ruɓaɓɓiya baƙa-baƙa ce tana saɓulewa a yatsa. Ka goge wuƙa da sifirit ka yanke duk inda ya lalace har sai ka kai farin nama tas ba ɗigon launin ruwan ƙasa, kana yanka kana sake goge wuƙar, kar ka ji tausayinta ka bar kaɗan. Sa safar hannu, ruwan kariya dafi ne, kar ya taɓa maka ido. Barbaɗa garin farar wuta a wajen yankan, ka ajiye ta a inuwa mai iska kamar mako guda ta bushe kafin ka mayar.

Tsohuwar ƙasar zubar da ita. Mutanen Japan suna da tasu ƙasar da suke kira akadama, mu nan farfasasshen jan bulo da tsakuwa ƙanana da gawayi ke mana aikin, ka tankaɗe ƙurar ka tabbatar ramin kaskon a buɗe yake. Ruwa sai bayan wasu kwanaki, taki kuma kar ka ba ta sai ka ga sabon toho.

Wani abu kuma tunda hunturu na tafe, in ka ga ganye ya yi ɗige-ɗigen rawaya kamar an tsattsaga allura, da ƴar yana siririya, sa farar takarda a ƙasa ka kaɗa reshen, in ka ga ƙura tana tafiya toh ƙananan gizo-gizon nan ne, bushewar iska suke so. Maganin ƙwari na gama-gari sau da yawa ƙara su yake don yana kashe masu cinye su, wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi ya fi, in sun yi yawa sai mu nemi maganin feshin da ake kira abamectin.

In ka zare kariyar turo min hoton saiwar kafin ka sa wuƙa, ina so in ga inda ruɓar ta tsaya.